Matan Sarakuna A Tarihinmu: Amsa Ga Masu Sauraro

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Daudawa)

  Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu, amin.

A taronmu na bara, cikin 'yar laccar da na gabatar a kan sarauta a ƙasar Katsina, na taɓo zancen matan fada da jimla biyu ko uku. Ashe wannan ɗan guntun zance shi zai fi jawo magana. Wasu sun tare ni tun ba a watse ba, wasu kuma sun aiko da saƙo daga baya. Na tattara ra'ayoyin, na ga sun kasu kashi uku. Wani abokinmu daga Sabuwa ya ce ai abin ba wuya, matar sarki ita ce sarauniya, kamar yadda ake yi a Ingila. Wata 'yar ajinmu da ke koyarwa a Ƙanƙara ta ce a'a, waɗannan mata ba su da wani tarihi sai na kulle da bauta, don haka kada a yi wa abin kwalliya. Shi kuwa malaminmu na tarihi, Allah ya ƙara masa lafiya, tambayar da ya saba yi mana a aji ya sake yi, wato ina hujja? Ya kuma ƙara da cewa, anya ya dace a riƙa kiran sunayen iyalin sarakuna a bainar jama'a?

To, jama'a, abin da na zo da shi yau abu ɗaya ne. A gidan sarautar Hausa, aure shi kaɗai ba ya ba mace iko. Macen da ta yi ƙarfi a fada, in ka bincika, za ka tarar ko dai ita ta haifi sarki, ko kuwa sarki ne ya haife ta, ko ciki ɗaya suka fito. Bari in bi ra'ayoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ga Abokinmu Na Sabuwa

Kalmar sarauniya a wurin Bahaushe na da ba ta nufin matar sarki. Mu fara da Daura. Labarin Bayajida, wanda kowa a nan ya sani tun yana firamare, ya nuna mata ne ke sarautar garin, Daurama ce ta ƙarshensu. Da baƙon nan ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu aka ɗaura musu aure, ita ce mai gari, shi kuwa mijin mai gari ne. Ke nan in ana lissafin waɗanda aure ya kai su fada a ƙasar Hausa, na farko a labarin namiji ne! Haka Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku. Masana suna da saɓani a kan zamanin da ta yi, wasu su ce ƙarni na 15, wasu su ce na 16, amma ba wanda ya ce don ta auri wani sarki ake kiran ta sarauniya.

In muka duba sarautun mata na zamanin Haɓe, haka abin yake. A Gobir akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya, a Daura akwai Magajiya. Daga cikin matan jinin sarauta ake zaɓar su, su shugabanci mata, su kula da sha'anin bori, a kuma saurari maganarsu a fada. Sarautar Iya ta Maraɗi kuwa tamu ce, domin sarakunan Katsina na Haɓe ne suka tafi da tsarinsu can bayan da jihadi ya ci birnin a 1807. Abin lura shi ne, yau in ka ce Iyan Katsina ko Iyan Zazzau, namiji ne mai rawani zai amsa. Sunan ya tsaya, kujerar ta koma hannun maza. A Borno ma an bambanta Magira, wato uwar sarki, da Gumsu, uwargidansa, kuma Magira ce gaba.

Matar sarki fa? Ita labarin baka ya fi tuna ta a wurin zargi. Ku tuna da Muhammadu Korau, wanda aka ce daga 'Yandoto ya fito, nan maƙwabtanmu ta wajen Tsafe. An ce matar Sarki Sanau ce ta tona masa asirin laƙanin mijinta, shi ya sa ya kayar da shi a kokawa ya karɓe sarautar Katsina. Ko labarin ya faru haka ko bai faru ba, ya nuna mana yadda fada ke kallon matar aure: baƙuwa ce da aka kawo daga wani gida, ana ƙaunar ta, ana kuma yin kaffa-kaffa da ita.

Ga Malaminmu Mai Neman Hujja

Malam, ga hujjar. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma aka buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, yana da wata ɗabi'a. Kusan duk sarkin da ya ambata, sai ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Ba ya damuwa da jera sunayen matan sarki, amma uwa ba ya tsallake ta. Wannan kaɗai ya ishe mu gane inda marubucin ya ga nauyi yake.

A ciki ne muka samu labarin Auwa, matar Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A zamanin mijinta ba a faɗi wani abu mai yawa a kanta ba. Sai da ɗanta Abdullahi ya hau gado sannan ta bayyana. Littafin ya nuna cewa lokacin da sarkin ya fita daga gari, Dagaci ya shirya tawaye, kuma ƙarfin Auwa ne ya hana abin ya ɓaci. Ta kuma kai har zamanin jikanta Muhammadu Kisoke, wanda ya hau a 1509, inda aka ambace ta tare da mahaifiyarsa Iya Lamis cikin waɗanda suka ƙarfafa mulkinsa.

Bayan jihadi ma ba a fasa ba. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya auri Maryamu 'yar Shehu Usmanu, mace mai ilimi da daraja. Amma gadon sarauta ta ɗakin Shekara ya bi. 'Ya'yanta uku, Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, su suka riƙe Kano a jere daga 1846 zuwa 1893, wato shekara 47 sarauta ba ta bar ɗakin mace ɗaya ba. Yaƙin Basasar Kano da ya biyo baya, tsakanin Tukur da Alu, faɗan jikokinta ne. Shi kansa Alu, daga cikin abin da ya ɗaga shi a kan 'yan'uwansa akwai cewa mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Har yau a birnin Kano akwai makarantar 'yan mata da ake kira Shekara, kuma har yau mahaifiyar sarki ce ake kira Mai Babban Ɗaki.

Game da maganar kunya, Malam yana da gaskiya cewa al'adarmu tana suturta iyali, kuma ba mai hankalin da zai tsaya a taro yana zancen cikin gidan sarkin da ke raye. Amma sutura daban, sharewa daban. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba wanda zai koya mata kunya ko addini, amma ta yi wa matan gidansu marsiyya da sunayensu, ciki har da ƙawarta A'isha matar Sarkin Musulmi Bello. Ba don ta yi haka ba, da yawansu da sun ɓace mana.

Ga 'Yar'uwarmu Ta Ƙanƙara

'Yar'uwa, maganarki ita ta fi nauyi, kuma rabinta gaskiya ce tsantsa. Mafi yawan matan da ke cikin manyan fadoji ba matan aure ba ne, domin shari'a ta tsayar da aure a kan huɗu. Sauran ƙwaraƙwarai ne da kuyangi, wato 'ya'yan wasu da aka kamo a yaƙi ko aka kawo a matsayin gaisuwa, aka raba su da iyayensu da harshensu. Shehu Usmanu da kansa, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya soki sarakunan zamaninsa a kan tara mata barkatai a gidajensu. Turawa sun yi doka cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, sannan aka soke bauta baki ɗaya a Arewa a 1936, amma ajiye sa-ɗaka ya daɗe bayan haka. Duk Shekara ɗaya da tarihi ya riƙe sunanta, akwai mata bila adadin da suka shiga fada suka tsufa suka mutu, ba wanda ya san garin da aka ɗauko su. Wannan ba abin yi wa kwalliya ba ne.

Inda na rabu da ke shi ne cewa ba su da tarihi. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Heidi Nast, ta yi nazarin cikin Gidan Rumfa, ta fitar da littafi a 2005. Ta nuna cewa ƙwaraƙwaran fadar Kano suna da nasu tsarin mulki da muƙamai irin su Uwar Soro, kuma a da su ke kula da rumbunan hatsin da ake tarawa daga ƙasa, har da rinin tufafi a cikin fada. Mu mutanen Daudawa da muka tashi cikin noma mun san wanda ke riƙe da bakin rumbu ba ƙaramin mutum ba ne a gida.

Sannan akwai hukuncin shari'a. A mazhabar Malikiyya, baiwar da ta haifa wa ubangidanta ta zama ummul waladi: ba a sayar da ita, in ya mutu ta 'yantu, ɗanta kuwa ɗa ne, gadonsa daidai da na ɗan matar aure. Ta wannan ƙofa ce 'ya'yan ƙwaraƙwarai suka hau gadon sarauta a ƙasashen Musulmi da yawa. A Bagadaza, Haizurana baiwa ce, amma ita ta haifi halifofi biyu, Hadi da Haruna Rashid. Don haka wanda ke zagin wani da cewa ɗan baiwa ne, ko ya hana shi auren 'yarsa saboda kakarsa sa-ɗaka ce, kamar yadda har yanzu ake raɗe-raɗi a wasu gidajenmu in maganar aure ta taso, ya sani ba shari'a yake bi ba, kuma in da zai bi salsalar manyan gidajen da yake rusuna wa, da ya yi shiru.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Za ku lura misalaina duk daga Kano da Daura da Sakkwato suke. Dalili kuwa shi ne can aka rubuta. Nan yankinmu akwai gidajen sarauta masu tsohon tarihi, irin gidan Sarkin Pauwa a Ƙanƙara da gidajen hakimai da dagatai a Faskari da Sabuwa. Kowane gida yana da jerin sunayen mazan da suka yi sarauta, wani ma an rataye shi a zaure. Amma wace ce ta haifi wane? Daga wane gari aka auro ta? Wane aure ne ya sasanta gaba tsakanin gari da gari? Wannan ilimi yana bakin tsofaffin mata, gwaggwanni da kakanni da tsofaffin jakadu. Ga shi rashin tsaron da ya addabe mu a shekarun nan ya tarwatsa ƙauyuka da dama, tsofaffi sun koma zaman gudun hijira a Funtuwa da wasu garuruwa, kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu tare da abin da ke kansu.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu biyu. Na farko, kowane ɗayanmu kafin taron baɗi ya zauna da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a danginsu, ya nemi izininta, ya naɗi maganarta da wayarsa, ya kuma rubuta salsalar gidansu da sunayen uwaye a gefen na ubanni. Ba sai gidan sarauta ba, domin matan da suka shiga fada daga gidajen talakawa aka ɗauko yawancinsu. Wannan aiki 'yan'uwanmu mata za su fi mu iya shi, don su ne ake barin su shiga har ƙuryar ɗaki. Na biyu, mujallarmu ta ware shafi ɗaya a kowace fitowa domin abin da aka tattaro, bayan masu gidan sun yarda a buga. Ina ba da shawarar a ɗora wa Malam duba aikin, tunda shi ne ba ya yarda da magana sai da hujja, 'yar'uwarmu ta Ƙanƙara kuma ta zama mataimakiyarsa, don kada mu zame mu koma maroƙa.

Ina godiya ga waɗanda suka yi mini gardama, domin gardamarsu ce ta haifi wannan jawabi, kuma ƙofa a buɗe take ga wanda bai gamsu ba. Allah ya jiƙan iyayenmu mata, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda ba mu sani ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, ya ɗaukaka makarantarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.