Mudun Auna Hasken Tauraro

Wannan jawabi ne da editan jaridarmu ya yi wa malaman ajin yaƙi da jahilci da ɗalibansu a unguwar Nassarawa GRA, Kano.



Yau zancenmu na taurari ne. Ba duba ba ne, ba bokanci ba. Awo ne, irin wanda kuka sani a kasuwa.

Kowa a nan ya san Zara matar wata. Kowa ya san Kaza da 'ya'yanta. To, akwai taurarin da haskensu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani lokaci su ƙaru, wani lokaci su dushe.

A watan Disamba, bayan sallar isha'i, ku dubi gabas. Za ku ga taurari uku a jere kamar an ja layi. Ta hannun hagunsu akwai wani jan tauraro babba. Turawa na kiransa Betaljus, sunan kuwa daga Larabci suka aro shi.

Wani dare a watan Janairun 2020 aka ɗauke wuta a nan unguwar. Na fito tsakar gida, na ɗaga kai. Sai na ga jan tauraron nan ya yi laushi. Na ce a raina, ai hazo ne, tunda lokacin hunturu ne. Amma da na dubi Dabaran, wato jan tauraron da ke bin bayan Kaza, sai na gan shi garau. Hazo ba ya zaɓe. In ya rufe wannan, zai rufe wancan. Ashe tauraron ne da kansa ya dushe.

Daga baya masana suka gano dalili. Tauraron ne ya fesar da iska mai zafi, ta huce ta zama ƙura, ta tare haskensa. Zuwa watan Afrilun 2020 ya dawo yadda yake. Ni kuwa na yi babban kuskure: ban rubuta komai ba. Ba rana, ba lokaci. Abin da na gani ya tafi a banza.

To, yaya ake awon? Mai sayen gero ba ya yarda da ido kawai, sai an kawo mudu. Mudun tauraro shi ne maƙwabcinsa wanda haskensa ba ya canzawa sosai. Masana sun ba kowane tauraro lamba. Ƙaramar lamba, haske mai yawa. Babbar lamba, haske kaɗan. Lambar Dabaran 0.9 ce. Akwai kuma wani farin tauraro a saman Betaljus, sunansa Belatiris, lambarsa 1.6.

Sai ka dubi ukun nan. In Betaljus ya yi daidai da Dabaran, ka rubuta 0.9. In ya yi daidai da Belatiris, ka rubuta 1.6. In yana tsakiyarsu, ka rubuta 1.2 ko 1.3. Yawanci yakan fi Dabaran haske, wajen 0.5. Amma a watan Fabrairun 2020 sai da ya sauka har 1.6.

Ga ƙa'idoji huɗu.

Na ɗaya, ka nisanci fitila, ka zauna cikin duhu kamar minti 20 kafin ka fara.

Na biyu, ka jira taurarin su hau sama sosai. Can ƙasa-ƙasa ƙura ta fi yawa.

Na uku, kada ka ƙura wa jan tauraro ido. In ka daɗe kana kallonsa, zai yi maka kamar ya ƙara haske. Kallo ɗaya, ka kau da kai.

Na huɗu, ka rubuta nan take: kwanan wata, lokaci, lambar da ka samu, taurarin da ka gwada da su, da ko akwai hazo ko farin wata. Abin da idonka ya gani za ka rubuta, ba abin da abokinka ya faɗa ba. Daren da ba ka duba ba, ka bar layin fayau. Tauye mudu haramun ne a kasuwa, haka ma a nan.

Kada ku ce wannan aikin 'yan jami'a ne. A Amurka akwai ƙungiya mai suna AAVSO, an kafa ta a 1911. Tana karɓar irin wannan awo daga ko'ina a duniya, masana kuma suna aiki da shi. Wani ɗan manomi, Lesli Feltiya, ƙwadago ya yi a gonar mahaifinsa ya sayi madubin hangen nesa. Kafin rasuwarsa ya aika musu awo sama da 130,000.

Mu a birni hasken lantarki ya kashe mana sama. Ku a karkara kuna da duhu, yanzu kuma kun iya rubutu. Littafi ɗaya da fensir sun isa. Kowane aji ya buɗe shafi, malami ya riƙa dubawa. Ku aiko mana, za mu buga.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani.