JAWABIN KWAMITIN KULA DA KARATU A TARON SHEKARA: YARON DA MAKINSA YA SAUKA A AJIN KIMIYYA

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, da ƴan uwanmu da suka taso daga Damagaram, Agadas, Arlit, Kano da sauran wuraren bida, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma gaida waɗanda ba su samu halarta ba, waɗanda wannan takarda za ta iske su inda suke. Allah ya sada mu da alheri.

Kwamitin kula da karatu ya nemi a ba shi fili domin magana ɗaya tak. Tun da aka raba takardun sakamako na zangon farko, iyaye suke ta zuwa wurinmu, wasu kuma suna bugo waya daga nesa, kowa da tambaya iri ɗaya. Yaro ya ci birbe da kyau, an tura shi ajin kimiyya a lise, ko nan Tanut ko can Damagaram a lise Amadu Kuran Daga, ga shi yanzu makinsa ya sauka. Wanda ya saba kawo 14 bisa 20 ya dawo yana kawo 9 ko 10. Shin a bar shi ya ci gaba, ko a maida shi inda ya fi sauƙi, ko kuwa a ce ya dawo gida? Mun zauna, mun tambayi malaman lakwal, mun tambayi ɗiyanmu da suka riga suka bi hanyar, ga abin da muka kawo muku.

1. YADDA LISE TAKE

Da yawa daga cikinmu ba mu zauna bisa bencin lakwal ba, don haka tilas mu fara da bayani. Karatun lise shekara uku ne, watau Segond, Firmiyar da Tarminal, sa'an nan jarrabawar bak. A shekarar farko hanya biyu ce. Akwai Segond A, inda aka fi ba harsuna, tarihi da adabi ƙarfi. Akwai Segond C, inda aka fi ba lissafi, fizik da ilimin halittu ƙarfi. Idan shekara ta ƙare, malamai sukan zauna su duba aikin kowane yaro. Ɗan Segond C yana iya wucewa sashen C, inda lissafi da fizik suka fi tsanani, ko sashen D, inda ilimin halittu yake da babban rabo, yana kuma iya neman a maida shi A. Amma ɗan Segond A, da wuya ƙwarai ya koma wajen kimiyya, domin an riga an yi masa nisa a lissafi.

Wannan shi ne abu na farko da muke so kowane uba ya riƙe. Ƙofar nan waje ɗaya take buɗewa. Wanda ya tsaya a kimiyya bana, yana da sauran zaɓi baɗi. Wanda ya fita bana saboda firgita, ya fita ke nan.

2. ME YA SA MAKI KE SAUKA

Na ɗaya, a kolej ɗin ƙauye yaronmu shi ne zakara. A Segond C kuwa an tara zakarun kolej da yawa cikin aji guda, malami kuma yana tafiya da saurin na gaba. Maki 10 a irin wannan aji ba ɗaya yake da maki 10 na bara ba.

Na biyu, akwai abin da ake kira nauyin darasi. Ba a lissafa darussa daidai wa daida. Bari mu ba da misali da darasi biyu kawai. A ɗauka an ba lissafi nauyi 5, tarihi nauyi 2. Yaro ya samu 8 a lissafi, 14 a tarihi. Da nauyinsu ɗaya ne, da matsakaicin makinsa, watau mwayan, 11 ne. Amma 8 sau 5 ya ba da 40, 14 sau 2 ya ba da 28, jimla 68, a raba gida 7, sai ga 9,7. To, in yaron nan ya ɗaga lissafinsa daga 8 zuwa 10 kawai, jimla ta zama 78, mwayan ya haura 11. Ashe abin da ya raba shi da wucewa maki biyu ne a darasi guda.

Na uku, shi ne wanda ya fi shafarmu, domin gyaransa a hannunmu yake. Yaro ya fito daga kolej inda malamin lissafi bai iso ba sai tsakiyar shekara, ba a ƙare karatun da aka tsara ba. An sauke shi a gidan mai masauki a birni, shi ne ɗibar ruwa, shi ne aike, ba fitila, ba littafi, ya tafi aji da safe ko koko bai sha ba. Wannan yaro in ya kawo 9, kafin a ce kansa bai ja, a fara duba cikinsa da makwancinsa.

3. ABIN DA KE GABANMU

Wani zai ce, me ya kai mu ga wahala, tun da kowane bak sunansa bak? To, mu dubi ƙasarmu ta Damargu. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, cikin ƙasar Olelewa, an gina ta don tace ganga 20.000 kowace rana daga man da ake turowa daga Agadem. Kowannenmu ya wuce ta a mota, ya ga wutarta da dare. Manyan ayyukan da ke cikin irin wannan wuri na injiniyoyi ne da masana sinadarai, hanyarsu kuwa ta ajin kimiyya ko na fasaha take bi. Makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, da sashen likitanci na jami'a, da sashen ilimin noma, bak na kimiyya suke nema.

Mu dubi ruwa. Kowa ya san zurfin rijiyoyinmu, ya san yadda ake ɗaura wa raƙumi ko jaki igiya ya yi nisa kafin guga ya fito. Mu dubi gidajen likita daga Gangara zuwa Tarka, mu tuna matan da ake ɗauka a amalanke cikin naƙuda. Dattawanmu sun ga yunwar 1973 da ta 1984, sun ga ƙasar da ake kira rumbun hatsi ta koma neman taimako. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, gunduma kuwa tana bukatar masanin ruwa, masanin dabbobi, masanin noma, da likita. In ba mu haifar da su ba, sai mu yi ta jiran wanda aka turo, wanda daga ranar da ya sauka yake neman a sauya masa wurin aiki.

Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, an haife shi a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Masanin fizik ne, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, ya yi shekaru yana aiki a kan yadda za a dafa abinci, a ɗumama ruwa, a tada inji da zafin rana. A ƙasar Hausa aka haife shi kamar ɗiyanmu. Saboda haka kada wani ya ce mana lissafi ba na mutanenmu ba ne.

4. SASHEN A BA WURIN ZUBDA RAGO BA NE

Kada a fahimce mu a karkace. Jami'ar Damagaram sunan Andire Salifu aka sa mata, shi kuwa masanin tarihi ne, ya rubuta littafi a kan daular Damagaram, shi ne kuma ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Alƙali, lauya, ɗan jarida, malamin harshe, mai mulkin gunduma, da yawansu ta sashen A suka bi. Yaron da Allah ya ba shi baiwar harshe da alƙalami, ya tafi A da kansa a sama. Abin da muke ƙi shi ne yaro ya shiga A don gudun wahala kawai. Can ma akwai falsafa da dogon rubutu cikin Faransanci suna jiransa, kuma sun kada mutane da dama.

5. WA ZAI TSAYA, WA ZAI SAUYA

Ga ma'aunin da muka samu daga bakin malamai.

Yaro ya tsaya idan mwayan ɗinsa yana kewayen 9 zuwa 11, kuma makin lissafi da fizik yana hawa daga gwaji zuwa gwaji, ko da kaɗan kaɗan ne. Ya tsaya idan malaminsa ya shaida cewa yana fahimta, gurbin baya ne ke jansa. Ya tsaya idan shi da bakinsa ya ce yana so, ana kuma ganin sa da alli da allo bayan an tashi. Bak na kimiyya da 10 ko 11 yana buɗe ƙofofin da muka ambata, ko da yake a wasu wuraren sai an yi gasar shiga, mai maki da yawa kuma shi ake fara ɗauka.

Yaro ya bi hanyar tsakiya, watau D, idan lissafi ya yi masa nauyi amma ilimin halittu yana tafiya daidai. Ta nan likitoci da masana noma da yawa suka fito. Ba kowace lise ce ma take da Tarminal C ba.

Yaro ya sauya idan shekara ta ƙare yana kan 5 ko 6 a lissafi da fizik duka, alhali an ba shi fitila da littafi da mai taimako, ga shi kuma yana da 13 ko 14 a Faransanci da tarihi. Ya sauya idan ya riga ya maimaita ajin, domin lakwal ba ta barin yaro ya yi ta maimaitawa, ƙarshenta kora ce. Ya sauya idan karatun ya hana shi barci da cin abinci har jikinsa ya nuna. Taurin kai a nan hasara ce.

Amma ko wanne za a yi, a jira ƙarshen shekara. Ba a yanke wa gona hukunci tun ana noman farko.

6. HANYA TA UKU, WADDA MUKE TSORO

Abin da ya fi tada mana hankali shi ne, sau da yawa yaron da ya karaya ba ya komawa A, barin lakwal yake yi gaba ɗaya. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari nawa muka ga sun ajiye littafi sun hau mota? Wasu Libiya, wasu Aljeriya. Ku da kuke can kun fi mu sanin abin da hanyar take ci. Yarinya kuwa, da zarar makinta ya sauka, sai a ce dama karatun bai karɓe ta ba, a fara maganar goro. Alhali ita ce za ta zama ungozoma ko likitar da matanmu ba za su ji nauyin gaya mata ciwonsu ba. Muna roƙon iyaye mata, ku da maganarku take da ƙarfi cikin gida, a auna ɗiya mace da ma'aunin da aka auna namiji.

7. ABIN DA MUKE NEMA TARO YA AMINCE DA SHI

Na ɗaya, kada uba ko wakili ya sauya wa yaro sashe, ko ya cire shi, sai an kawo takardar sakamakonsa an karanta tare da kwamiti, an kuma ji ta bakin yaron da ta malaminsa.

Na biyu, kowane ɗan ƙungiya da ke wurin bida ya riƙa zuba jika ɗaya a wata cikin asusun karatu. Da shi za a sayi fitila mai aiki da hasken rana, da littafin lissafi da na fizik, ga kowane yaro namu da ke lise. Ma'aji zai riƙa buga lissafin kuɗin a cikin wannan takarda.

Na uku, waɗanda ke gida, in kaka ta yi, kowane gida ya fitar da tiya biyu na gero a kai wa masu masaukin yaranmu, a haɗa da gaisuwa da roƙon a rage wa yaro aike lokacin gwaji.

Na huɗu, ɗiyanmu da ke jami'a a Damagaram, Maraɗi da Yamai, in sun zo hutun damina, su riƙa zama da ƙannensu da maraice bayan an taso daga gona, musamman waɗanda suka ci birbe za su shiga Segond a watan Oktoba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, uban da ke nesa ya karɓi lambar wayar malamin ɗansa, ya riƙa kira ko sau ɗaya ne a wata. Yaron da ya san ana tambayar labarinsa ba ya sakin jiki.

Iyayenmu, wannan shi ne abin da kwamiti ya gani. Gaba gare ku, ku duba, ku gyara, ku ƙara. Allah ya buɗa wa ɗiyanmu basira, ya ba su ilimi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Amin.