Sabuwar jita ta zo da ɗan aibi: a gyara ko a mayar?

 Yau hirarmu a kan jita ce, kuma tambaya ce da masu koyo ke yawan yi. Mutum ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi sabuwar jita, ya buɗe kwali da murna, sai ya ga ƙarce a fenti, ko tsirkiya ɗaya tana wani "zzz" in an kaɗa ta. To ya mayar ne, ko ya riƙe ya gyara?

Kafin komai, ɗan'uwa, ka ajiye sukudireba. Kada ka goga samfefa, kada ka ɗiga gam. Da zarar ka taɓa ta da kayan aiki, mai shago ya samu hujjar cewa kai ka ɓata. Ka ɗauki hoto da bidiyo a ranar da ta iso, ka adana rasit da kwali, ka duba kwana nawa aka ba ka na mayarwa. Tun ran gini tun ran zane.

Daga nan sai ka tantance wane irin aibi ne, don iri uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko, aibin ido. Ƙarce, ɗigon fenti, ɗan gam da ya leƙo ta cikin ramin jita. Wannan bai taɓa sauti ba ko kaɗan. Mdou Moctar, makaɗin nan na Nijar da yanzu yake zagaya duniya, da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Ka ga ashe ƙyalli ba ya kiɗa. Idan jitar ta zauna maka a hannu kuma muryarta ta yi maka, riƙe abarka, amma ka tura wa mai sayarwa hoton ka nemi ragi. Kuɗin sabuwa ka biya, kana da bakin magana.

Na biyu, aibin saiti. Wannan shi ya fi tsorata masu koyo, kuma shi ya fi sauƙin magani. Jita da yawa, musamman masu sauƙin kuɗi, suna fitowa daga masana'anta ba a daidaita su sosai ba. Ga gwajin da za ka yi a ɗaki. Ƙarafunan nan da ke jere a kan wuyan jita, su ake kira firet. Ƙirga zuwa na 12, ka duba tazarar da ke tsakaninsa da tsirkiya mafi kauri. A jitar katako wadda ba ta lantarki ba, ana so ta kasance wajen milimita 2 da rabi. In ba ka da rula, kaurin katin ATM bai kai milimita 1 ba, uku a haɗe sun yi kusan daidai. In tazarar ta yi yawa, yatsunka za su sha wuya. In ta yi kaɗan, nan ne "zzz" ɗin ke fitowa.

Sai ka buɗe manhajar saita sauti a wayarka. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12 ka sake kaɗawa. Harafi ɗaya ya kamata manhajar ta nuna maka, sai dai na biyun ya fi siririyar murya. In ya ɗan kauce, yawanci gyaran saiti ne.

A cikin wuyan yawancin jita masu tsirkiyar ƙarfe akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don miƙe wuyan ko sassauta shi. An yi ta ne don a riƙa murɗa ta, amma kaɗan-kaɗan, kwatar zagaye a lokaci guda. In ba ka taɓa yi ba, bar wa wanda ya iya. Kuma fa ba kowane kafinta ba. Tambayi masu kiɗa a situdiyo ko a coci, su suka san mai hannu a garinku.

Na uku, aibin jiki. A nan babu ciniki, mayarwa kawai. Ɗaga jitar ka hango wuyanta daga kai zuwa gindi, kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne. Amma in ka ga ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, sandar ƙarfen nan ba ta gyara wannan. Sai ka duba jakin, wato katakon da ke manne a fuskar jita yana riƙe da tsirkiyoyi. Gwada zura takarda ta bayansa. In ta shige ciki sosai, ya fara ɗagowa. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan wannan wuri da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana, don haka abin da ya fara ɗagowa yau gaba zai ci. Haka tsagewa a katakon kansa, ko rata a inda wuya ya haɗu da jiki, ko wani kwaram-kwaram daga ciki in ka ƙwanƙwasa fuskar da yatsa. Ana iya gyara su, amma gyaran tsohuwar jita ne. Wanda ya sayi sabuwa bai kamata ya fara da ɗinki ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman: hunturu. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram, lokacin hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Katako yana tsukewa, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, sai ka ji bakin firet yana kartar hannunka. In ka mayar saboda wannan kaɗai, wadda za a canza maka ma iskar nan za ta sha. Mai gyara zai goge bakin ƙarafunan cikin ɗan lokaci. Kai kuma ka riƙa ajiye ta a jakarta, da ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa katakon. Kada ka bar ta a rana ko a cikin mota.

Yanzu lissafi. Nawa ne kuɗin gyara, nawa ne kuɗin mayarwa, wa zai biya? In aibin saiti ne, nemi mai shago ya saita maka ko ya ɗauki nauyin gyaran, kuma ku yi maganar a rubuce ta WhatsApp. In aibin jiki ne ya nuna maka allon "ba a dawo da kaya", ka sani a Najeriya dokar kare haƙƙin masu saye ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, kuma hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafi. Ka yi maganarka cikin ladabi, da hotunanka a hannu.

In za a canza maka, gwada sabuwar a gabansu. Jita biyu samfuri ɗaya ba sa zama ɗaya sak, don kowane katako da halinsa.

'Yan'uwa mata masu koyo, ku ma wannan gwaji naku ne, kada a ce muku "haka suke zuwa" ku yi shiru. Wanda ya san mai shirin sayen jita, ya tura masa wannan kafin ya biya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.