Wayar Hannu da Karatun 'Ya'yanmu a Manyan Makarantu

(Jawabin da aka gabatar wa iyaye, dattawa da matasa a Birniwa)



An ba ni in yi magana a kan yadda kafofin sada zumunta, wato su Facebook da WhatsApp da TikTok, suke shafar karatun 'ya'yanmu. A da, yaron Birniwa da ke son ilimi mai zurfi sai ya nufi Kano ko Zariya ko Maiduguri. Yanzu ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ga Kwalejin Ilimi a Gumel. Mun gode wa Allah. Amma mu a nan ba mu da yawa, kuma kowa ya san da kuɗin riɗi da gero ake biyan makarantar nan. Idan ɗa ɗaya ya dawo gida hannu wofi, ikilisiya duka ce ta yi asara.

Na farko, wayar tana da amfani. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 abubuwa sun sauya. Daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Yau ta WhatsApp ake sanar da ɗalibai sauyin lokacin lakca, ta nan ake tura musu takardun darasi. Don haka uban da ya ƙwace waya gaba ɗaya ya rufe wa ɗansa ƙofar aji.

Na biyu, ga inda ɓarnar take. A 2010 wasu masana biyu, Kirschner da Karpinski, sun tambayi ɗaliban jami'a a Amurka, suka ga masu amfani da Facebook suna ba karatu ɗan lokaci, makinsu kuma bai kai na waɗanda ba sa amfani da shi ba. A 2017 kuma aka fitar da wani bincike ƙarƙashin jagorancin wani malami na Jami'ar Texas. An raba ɗalibai kashi uku: wasu waya a kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki dabam. Waɗanda wayarsu ke wani ɗakin su suka fi ƙoƙari a gwajin. Wato ko wayar ba ta yi ƙara ba, rabin hankalin yaro yana wajenta.

Ku duba yadda abin yake tafiya. Yaro ya buɗe littafi bayan abincin dare, saƙo ya shigo, ya ce bari in duba na minti ɗaya. Kafin ya farga ƙarfe biyu ta yi. Gobe ya makara lakcar ƙarfe takwas, ko ya zo yana gyangyaɗi. A yawancin makarantu ana lissafa halartar aji da gwajin tsakiyar zango cikin maki. Kuma makin jami'a tarawa ake yi, na shekarar farko yana bin ɗalibi har ranar da zai gama. Sannu sannu sai ga kariyoba, sai ƙarin shekara, sai ƙarin kuɗin makaranta. Ga kuɗin data, wanda ya ƙara tsada a 2025, sau da yawa daga kuɗin abinci yake fita. Wanda kuma aka kama da waya a ɗakin jarrabawa, kora ce.

Na uku, akwai abin da ya shafe mu musamman. Ba mu manta da ɗalibar da aka kashe a Sakkwato a watan Mayu na 2022 ba, bayan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu. 'Ya'yana, zauren aji na karatu ne. Kada ku shiga gardamar addini a can, kada ku tura abin da ba ku san tushensa ba. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi bunu saurin tafiya. Mu zauna lafiya da maƙwabtanmu, mu girmama su.

To, mene ne abin yi? Ku tuna da Daniyel da abokansa uku. Su ma 'yan tsiraru ne a makarantar Babila, shekara uku suna karatu. Ba su ƙi makarantar ba, amma sun san abin da za su ce masa a'a, har suka nemi a gwada su kwana goma. Ni ma gwajin kwana goma nake roƙon ɗalibanmu su yi:

1. Awa biyu na karatu kowace rana, waya tana wani ɗaki ko hannun aboki.
2. A kashe ƙarar shigowar saƙonni, a bar na zauren aji kaɗai.
3. Ƙarfe goma na dare a ajiye waya nesa da shimfiɗa.
4. A buɗe wurin da waya take nuna awoyin da aka yi a kanta, a rubuta su kullum.

Iyaye, kada tambayarmu ta tsaya a kan ko kuɗi sun isa. Ku nemi ganin sakamakon kowane zango da idonku. Wanda bai iya karantawa ba ya kawo wa fasto ko wani malami a cikinmu. Mu ma mu gyara, gama yaron da ya ga babansa yana latsa waya a lokacin sujada ba zai ji faɗa ba.

Dattawa, ina roƙo a rubuta sunan kowane ɗalibinmu da makarantarsa, a haɗa shi da wani babba da zai riƙa kiransa sau ɗaya a wata, a kuma zauna da su duka a kowane hutu.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu hikima da kamun kai, ya sa mu ga ranar gama karatunsu.  Amin.