Likita Ba Ya Zama Ɗa

Ya kai ɗan'uwa mai-ciniki, ko a Banikanni ka ke, ko kasuwar Arzeke ta Paraku, ko Jugu, ka kasa kunne.

Tsohuwarka ta kwanta ciwo. Me za ka yi?

Wani ya kan sayo ƙwayoyi wurin mai-talla, ya ce tausayi ne. Ba haka ba ne. Gama ƙodar tsoho ta gaji, ba ta tace magani da sauri. Abin da ya warkar da saurayi ya kan kā da dattijo. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sai awo ya tona shi. Ka kai ta wurin likita.

Wani kuma ya kan kai ta asibiti, ya biya kuɗi, ya koma rumfarsa. Wannan ma bai isa ba. Tun 1961 asibitin mishan na Bembereke ya ke jiyyar mutane, amma likita ba ya zama ɗa. Kai ne za ka kawo mata kunu, ka juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ka ji abin da ta ke so kafin a yanke shawara.

Ita ta goye ka. Yau ranarka ce. Allah ya ba mu jinƙai. Amin.