Ba Kullum Tela Ke Cin Yadi Ba

Yau teloli za mu yi wa adalci.

Kin kai atamfa yadi 6, ko ƙyalle bai dawo ba, sai ki ce an cuce ki. Tsaya, dubi zanen tukuna. In tsuntsaye ne masu kallon sama, dole gaban riga, bayanta da hannaye duk a yanka su suna fuskantar wuri ɗaya. Ba damar ya juya hannu ya cusa a gefen da ya rage, sai tsuntsun ya koma kai ƙasa. Wannan kaɗai yana cin yadi. Karammiski ma haka, kana juya shi launi ya bambanta.

Masu koyon ɗinki, ku nuna wa mai kaya wannan kafin almakashi ya hau, kar ku biya turmi ana gobe Sallah.