Jakar Hannu: Fata Muke Saya Ko Suna?



An nemi in ɗan yi magana a kan jakunkunan nan da suka cika kasuwanninmu, waɗanda ake ɗinkawa da siffar na manyan kamfanonin Turai, ana sayarwa da araha. Na san wasu maza za su ce ai wannan zancen mata ne. To, su dakata tukuna, ranar haɗa lefe tana nan tafe.

Bari mu fara da ta ainihi. A 1984 kamfanin Hermès na Faransa ya fito da jakar da ya raɗa wa sunan wata 'yar wasan kwaikwayo, Jane Birkin. Sabuwarta ta haura dala 10,000, kuma ko da kuɗinki a hannu sai kanti ya ga damar sayar miki. A ƙarshen 2024 sai ga mai kama da ita a shafin cinikin kantin Walmart na Amurka, kuɗinta bai kai dala 100 ba. Mata suka yi mata rubdugu.

A nan abu biyu ne, kada mu cuɗa su. Akwai jabu, wadda aka manna wa tambarin kamfani don a yaudari ido. Yin ta laifi ne a doka. Akwai kuma kwaikwayo, wato an ari siffa an bar wa mai suna sunansa. Ni dai ban ga abin kunya ba ga ɗaliba ko ƙaramar ma'aikaciyar da ta sayi ta biyun. A 2024 binciken wata kotu a Milan ta Italiya ya nuna akwai jakar Dior da ake biyan masu ɗinkinta yuro 53, a kanti kuwa yuro 2,600. Gaskiya ne ba a lissafa kuɗin fata a ciki ba, amma ko an lissafa, galibin ratar nan suna ne da talla. Wadda ta ƙi biyan kuɗin suna ba ta yi wauta ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Yawancin masu arahar nan daga ƙasar Sin ake kawo su, kuma roba ce aka yi wa kamar fata. Ta sha zafin bazara, ta sha hunturu, sai marataya ta fara saɓulewa, a koma a sake zuba kuɗi. Alhali kuwa mu ne masu fata! Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ita ayari ke ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta can take isa gare su. Baturen nan Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yawan takalman fatar da ake fitarwa daga birnin. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna tura fata Italiya da Sifen, a ɗinka, a buga mata tambari, mu kuma mu sayi kwaikwayonta na roba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekara uku ke nan na kai wa wani baduku a Kasuwar Kurmi hoton jakar da nake so. Ba zan ɓoye muku ba, zif ɗin da ya sa bai yi wata biyu ba sai da na canza, ɗinkin ciki kuma ya ɗan karkace. Ranar da na je karɓa ya ce, "Hajiya, in manna miki tambarin Italiya?" Na ce don me? Ya ce in babu shi, masu saye ko tayawa ba sa yi. Na ce ya bar ta haka nan. Ita ce wannan da ke kan tebur, mai son dubawa ta zo bayan an tashi.